Kwalba ta Biyu

Ƙofar Sauri, Katsina
Laraba, bayan la'asar

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina fata takardar nan ta iske ki kin sauka lafiya, kin rama sallolin da hanya ta riƙe maki, kin sami ruwan ɗumi kin watsa. Allah Ya tsare ki a ƙasar da ba ki da kowa, Ya tsare maki addininki da lafiyarki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kau da idon mugu daga kanki. Babanki yana sa maki albarka, ƙannenki suna gaishe ki. Labarin gida ba zan ba ki ba, don ko da za ki karanta wannan, kwana biyu ne kacal da barinki shi.

Kin ga saman takardar, inda ake sa sunan wanda aka rubuta wa, na bar shi fili. Na daɗe biro na tsaye a wurin. Shekara ashirin da biyar ke nan ban taɓa kiran sunanki ba. Ke ce ta fari, haka muka taras ana yi, haka muka yi. "Ke" nake ce maki, in a gaban mutane ne in ce "ɗiyar Hajo". Ke kuma Malama kike ce mani kamar sauran 'yan ajina, Inna kuwa sai faccalata Hajo, Allah Ya jiƙanta, wadda ta goya ki tun kafin a yaye ki. To yau ma hannun ya ƙi. Mu je dai a haka.

Cikin ambulan ɗin nan akwai katin allurarki. Shekaranjiya ina neman almakashi a durowarki na gan shi ƙarƙashin tsofaffin takardun jarrabawa, ko cikin kayan tafiya ba ki sa shi ba. Na buɗe, na iske gida biyu na ƙarshe babu sa hannun nas. Wata biyu ba ki je ba ke nan, ke da likita ya ce duk sati huɗu, ba fashi, sai ran da shi da bakinsa ya ce a daina. Na zauna a bakin gadonki da katin a hannu. Kika shigo kina neman cajar waya, na tura shi ƙarƙashin cinyata na ce maki ɗakin nan yana son shara. Abin da bakina ya iya ke nan. Shi ya sa na ɗauki biro, kuma na cusa takardar tsakanin ƙullin kuka da na daddawa, don na san nan za ki fara buɗewa, acici.

Kin tuna wata Asabar da daminar bara, muna zaune ƙarƙashin itacen bedin tsakar gida ni da Hajo muna gyaran zogale, kika zo da waya kina ɗoki, kika ce mu ga abin da za ki ƙetare teku ki karanta? Na duba, na ga wasu 'yan ƙwayoyi a jere kamar carbi ya tsinke. Kika ce da madubin likita aka ɗauko su, sunansu sitireftokokas, su ne masu kawo ciwon maƙogwaron nan mai zazzaɓi. Sau uku Hajo tana gwada sunan, ta ƙarshe ta ce a bar shi, ita dai 'yan carbi ta sani.

Bari in maimaita maki karatun, ki ga ko tsohuwar malama ta riƙe. Kin ce fatar cikin maƙogwaron mutum lulluɓe take da wasu siraran sarƙoƙi na sukari, ba na shayi ba, wanda jiki ke ƙera wa kansa. Kin ce ƙwayar ba ta iya zama a wuri mai santsi, yawu zai wuce da ita, sai ta kama waɗannan sarƙoƙin ta maƙale, har ma da irin waɗanda ke bambanta jinin wani da na wani. Wasu danginta kuma suna da abin yanka, suna gutsurar sukarin su ci, su buɗe wurin da za su ƙara kamawa. Ita kuwa wadda ta kama ki, riga take sawa ta sukari iri ɗaya sak da wanda ke cikin fatarmu da gaɓoɓinmu, sai sojojin jiki su gan ta su ɗauka 'yar gida ce, su bar ta ta wuce. Ran da suka farga suka tashi yaƙi, wani sashe na jikinta yana kama da na ƙofofin zuciya, sai su rikice, su riƙa dukan zuciyar mai gidan. Kin ce aikin da za ki je yi shi ne gano yadda take kama sukarin nan, ko Allah zai sa a sami abin da zai hana ta riƙo tun daga farko.

Hajo ta riƙe haɓa ta ce, "Kai! Wannan abu da wayon tsiya yake. Ya ci naka, ya sa rigarka, ya haɗa ka faɗa da kanka?" Kuka yi ta dariya.

Ni ban yi ba. Na ce, "To in an sha magani fa?"

Kika ce, "Malama, in aka sha na kwana goma cif, yawanci ana gamawa da ita kafin sojojin su rikice. Matsalarmu ba a kai yara asibiti da wuri. Ni ma ai da an kai ni da wuri, da ban san allurar nan ba."

Na miƙe na ce tukunyata na ƙonewa. Ba abin da ke kan wuta. Madafa na shiga na tsaya ina kallon bango.

An kai ki da wuri. Ni na kai ki. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba ke nan, har babanki.

Kina shekara takwas, wata Alhamis, kika tashi da zazzaɓi, ko kunu ba ki iya haɗiyewa. Na sa ki buɗe baki a hasken rana, na ga maƙogwaron ja zur da fari-fari a gefe. Babanki ya riga ya fita, Hajo ta tafi barka. Ban jira kowa ba, na aika makaranta na ce ba ni zuwa, na tare ɗan acaɓa, na rungume ki a gaba har asibiti. A iya sanina ranar ce kaɗai na rungume ki a titi, mutane na gani. Likita ya duba, ya rubuta maganin ruwa kwalba biyu, ya ɗaga yatsunsa goma a fuskata ya ce, "Malama, kwana goma. Ko ta tashi tana tsalle, a gama shi."

Muka dawo muka iske Hajo a zaure. Ta dube ni, ta dube ki a kafaɗata, ta tafa hannu ta ce, "La ila! Yau Malama an yar da kunya a titi! Ɗiyar fari ce a kafaɗa, ko idona ne?" Wasa take yi, kin san bakinta, ko minti ɗaya maganar ba ta yi a ranta ba. Ni kuwa ta zauna mani. Sauke ki na yi nan take, na ce ki taka da ƙafarki.

Kwana uku kika warware. Ran na huɗu har 'yar gala-gala kike yi a tsakar gida. A ranar ne Binta, ɗiyar Hajo ta cikinta, ta kwanta da irin ciwon, babanta kuma ya yi tafiya da mota. Na ji Hajo tana cewa a kira wanzami ya cire beli, wai shi ne ya sauko. Na ce ba za a sa aska a bakin yarinya ina gidan nan ba. Na shiga ɗaki, na dubi kwalba ta biyu, ko buɗe ta ba a yi ba. Zuciyata ta ce mani: taki ta warke, ta mutane na kwance, za ki ɓoye magani saboda ɗiyar fari? Me za a ce? Na ɗauka na kai wa Hajo. Ta ce, "Ita fa?" Na ce, "Ta gama nata, ragowa ce."

Na yi niyyar in sayo wata washegari, Allah shaida. Washegarin aka fara jarrabawa, ke kuma kina ta guje-gujenki. Na ce jibi. Kwalbar farko ta ƙare ran na biyar, na ɗauraye ta na zuba kanwa a ciki.

Don haka ga magana ta farko. Kara abu ne mai kyau, da ita muka zauna gidan nan shekara da shekaru ba a ji kanmu ba. Ki ba da abincinki, ki ba da zanenki, ki ba da wurin kwananki in ta kama. Amma magani ba abin kara ba ne. Da na ɗauki Binta na kai ta asibiti kamar yadda na kai ki, da na yi wa yara biyu adalci. Sai na raba maganin mutum ɗaya biyu, ita Allah Ya kiyaye ta, ga ta can Kambarawa da 'ya'yanta uku, ke kuma abin ya faɗa kanki. Kuma ba tausayi ne ya sa ni ba, kada in yi wa kaina ado. Tsoron bakin mutane ne.

Bayan sati uku kika fara cewa gwiwarki. Washegari gwiwar ta saki, ya koma idon sawu, daga nan wuyan hannu. Na ce sanyi ne, kin cika wasa da ruwa. Na sa aka shafa maki man zafi, Hajo ta dafa maki citta da kanumfari. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane kiwon lafiya! Ban sake ɗaukarki ba, don kada a ce na maimaita. Sai da kika fara haki daga ɗaki zuwa rijiya, sannan babanki ya ce a'a, wannan ya wuce sanyi.

Likitan da ya saurari ƙirjinki ya daɗe da abin awo a kunne. Ya tambaya ko kin yi ciwon maƙogwaro kwanan baya. Na ce kin yi. Ya ce an ba da magani? Na ce an ba da. Ya ce, "Ta sha har ƙarshe?" Babanki na tsaye a damana, Hajo na riƙe da ke a cinya. In na ce a'a, Hajo za ta gane inda kwalbar ta tafi, kuma na san ta, ba za ta sake kallon Binta ba tare da ta tuna ba. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce kaina na ji wa tsoro. Na ce, "Ta sha."

Ya ce wani lokaci hakan na faruwa, ya rubuta abin da zai rubuta. Ya ce wata ƙofar zuciyarki ta taɓu, ba ta rufuwa daidai, kuma duk ran da ƙwayar nan ta sake samun maƙogwaronki, sojojin za su koma kan ƙofar, kowane zuwa ya fi na baya ɓarna. Allurar sati huɗu ita ce za ta hana ta zama.

Magana ta biyu ke nan. A can za ki sami sabon likita, bai san ki ba, bai san gidanku ba. Zai buɗe katin nan ya ga gida biyu fili, ya tambaye ki. Kada ki ce mashi nas ce ta manta sa hannu. Ki ce ba ki je ba. Kunyar minti ɗaya ce. Ni na guje mata, ga shi shekara goma sha bakwai ina ɗauke da abin. Haka in za a cire maki haƙori, ki faɗi zancen zuciyarki kafin a taɓa ki. Haka in Allah Ya kawo miji, ki gaya mashi tun ana zaure, kuma kafin ki ɗauki ciki likitan zuciya ya sani. In maƙogwaronki ya yi zafi da zazzaɓi, ba ruwanki da zuma da lemun tsami, ki tafi asibiti a ranar.

Magana ta ukun ita ta fi yi mani ciwo, don ita ban da uzurin ƙuruciya. Tun allurar farko na bar wa Hajo kai ki. Ita ta riƙe ki kina ihu, don na san allurar nan, fara ce mai kauri, tana shiga kamar ba za ta ƙare ba. Ita ta saya maki rake a hanyar dawowa. Kika girma kika shiga jami'a, ba ta fasa ba, ko kin ce ke ba yarinya ba ce sai ta yafa gyale ta ce ita ma tana da ganin likita. Kin ɗauka ita ke riƙe da ranakun. Hajo da ko ranar kasuwa sai an tuna mata? Ni ce. Bayan ƙofar ɗakina akwai kalanda, duk shekara sai na sa ɗigon jan biro a ranakun tun daga watan farko har na ƙarshe. In ranar ta zo sai in leƙa ɗakinta in ce, "Hajo, yau kamar ɗiyarki na da unguwa." Ta ce, "Af! Kin ga na sha'afa." In kun fita, ina nan zaure ina share wurin da ba datti har in ji muryarku a lungu, sannan in koma ciki da sauri in kama wani aiki.

Da Allah Ya karɓi Hajo wata uku da suka wuce, ɗigon farko ya zo. Na tsaya ƙofar ɗakinki da safe, kina ta danna kwamfuta, idonki duk ya kumbura da kukanta. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ba ki karya ba?" Da azahar kika fita, na ce wa raina can kika tafi. Ɗigo na biyu ma haka. Ban tambaya ba. Kalma huɗu ce, "kin je allura yau", na kasa, wai ina jin nauyin ɗiyar da na haifa da cikina. Wace irin kunya ce wannan, don Allah?

Na san abin da za ki ce, don na ji kina faɗa wa Binta ran da ta zo sallama. Kin ce kin gaji, shekara goma sha bakwai ana huda ki, lafiyarki ƙalau, kuma duk gidan nan ba wanda ya kai ki sanin ƙwayar. Gaskiya ne, kin san ta ciki da bai. To ni ma na san kwana goma, da yatsu aka nuna mani. Sani bai hana ni ba. Lafiya ƙalau ɗin nan ita ta yaudare ni ran da na gan ki kina 'yar gala-gala. Ke da bakinki kika ce ƙwayar rigar 'yan gida take sawa ta shigo ba a ji motsinta ba. Kuma yanzu da hannunki za ki riƙa kiwonta a ɗakin bincike, safe da yamma. In kin gaji da allurar, ki gaji, ki yi tsaki, ki zage ta, amma ki je. In can suna da wata hanya da ta fi sauƙi, likita ne zai faɗa, ba ke ba.

Ban rubuta wannan don ki ce kin yafe mani ba. In kin yafe, na gode wa Allah. In kuma abin ya tsaya maki a rai, ki riƙe shi iya yadda kike so, haƙƙinki ne, ba zan ce kin yi rashin kunya ba. Abu ɗaya nake roƙo: kada Binta ta ji. Ba ta san komai ba, uwarta ma ta tafi ba ta sani ba.

Ina rubutun nan kina ɗakinki kina ta jan zip ɗin akwati, ina jin ki kina faɗa da shi. Bango ɗaya ne tsakaninmu, amma kewarki ta riga ta kama ni. Shekara uku aka ce. Na ƙirga ɗigon da zan sa kafin ki dawo, na bari, don yawansu ya tsorata ni. Hajo ta tafi, ke za ki tafi, wa zan leƙa wa ɗaki? Gobe in mota ta zo, na san kaina, ba zan raka ki ko Ƙofar Ƙaura ba. Zan tsaya a zaure in ce Allah Ya kiyaye hanya, in juya kamar wadda ta bar abu a wuta. Kada ki ɗauka ban damu ba. Ban taɓa rashin damuwa ba, ko na yini ɗaya. Duk tarin da kika yi a gidan nan na ji shi. Duk ran da kika hau matakalar soro, ina ƙasa ina sauraren numfashinki.

Ɗigo na gaba ya faɗa ranar Litinin ta sama. Kafin nan ki nemi asibiti, ki kai masu katin. Ran nan zan kira ki a waya da kaina, ba ta bakin babanki ba, ba ta bakin ƙannenki ba, kuma ba zan tambaye ki ko kin karya ba.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya buɗa maki abin da kika je nema, Ya sa a dalilinki wata uwar ta huta da abin da na gani. Allah Ya riƙa maki zuciyar nan, Ya dawo mani da ke kina tafiya da ƙafafunki, ina raye ko ba na raye. Allah Ya jiƙan Hajo, Ya saka mata da Aljanna. Amin.

Na koma saman takardar, har yanzu hannun ya ƙi. To bari in sa shi a nan ƙasa inda ba mai gani sai ke. Na gwada shi a baki sau biyu yanzu, a hankali, don kada ki ji ta bango.

Safiya. Ki je ki yi allurarki, Safiya.

Ni ce,
Mahaifiyarki